Ku Tambaya Mu Amsa: Ladabi, Sauka, Balaga da 'Yancin Sana'a

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan yara suke, kuma akasarinsu daga unguwannin zango na Kumasi suka fito. Mun zaɓi biyar. Malaman makaranta da ma'aikatan jinya da ke taya mu wannan fili ne suka haɗu suka amsa, kuma mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 9. In baƙi suka zo sai ya wuce su kamar bai gan su ba, in kuma aka aike shi sai ya miƙa abu da hagu. Na yi faɗa, na yi duka, har kakarsa na cewa ni na ɓata shi. Ina mafita? Daga wata uwa, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Ki fara tambayar kanki: an taɓa zaunar da shi an koya masa gaisuwar, ko kuwa ana hukunta shi ne a kan abin da aka ɗauka ya sani? Yaron zango yau da harshe uku yake tashi, Hausa a gida, Twi a layi, Turanci a aji, kowanne da tasa gaisuwar. Yaron da bai tabbatar da abin da zai faɗa ba, shiru yake yi ya sulale, mu kuma mu ce raini ne.

Ki rarraba masa ita gaɓa-gaɓa. Ya tsaya, ya cire takalmi in ɗaki zai shiga, ya yi sallama, ya russuna, ya kira mutum da sunan girmansa: Baba, Inna, Kawu, Goggo, Malam. Ya ce "ina kwana", ya jira amsa, in an tambaye shi makaranta ya amsa da baki, ba da kai ba. Ba ya fara miƙa wa babba hannu, in babban ya miƙa sai ya karɓa da dama, hagunsa na tallafe da ita. Akwai malaman da ba sa son durƙuson da ya yi kama da ruku'u ko sujada. In gidanku a kan wannan yake, to ya tsaya cak, ya sassauta murya, ya sauke ido. Abin da ba zai yiwu ba shi ne uba ya ce kaza, kaka ta ce kaza, yaro na tsakiya. Ku daidaita a tsakaninku tukuna.

Daga nan sai maimaitawa. Kowace safiya kafin a ba shi koko, ya gaida mutanen ɗaki, sannan ya bi ƙofa-ƙofa ya gaida manyan gidan, har da waɗanda ba Musulmi ba. Ki ba shi mako uku a haka. In baƙo na tafe ki raɗa masa tun bai iso ba: "Kawunka ne, ga abin da za ka ce." In ya yi kuskure ki bari sai baƙon ya tafi, don yaron da aka tsawata wa a gaban baƙi, abin da yake koya shi ne gudun ɗakin da baƙi suke. Ki kuma sanar da shi cewa a taron makwabtanmu Asante daga dama ake fara gaisuwa a bi zuwa hagu, ba a tsallake kowa.

Batun hannu, ki duba ko bahago ne. In bahago ne ki bar masa rubutu da hagu, ki tsaya kan huɗu kawai: ci, bayarwa, karɓa, gaisawa. In ya miƙo da hagu kada ki karɓa, kada kuma ki yi magana, ki jira har ya sauya da kansa. In damarsa na riƙe da kaya ko ta ɓaci, ya ɗora ta a tsintsiyar hagun ya nemi afuwa, kamar yadda ake yi ko'ina a Ghana. Annabi (SAW) da ya ga hannun yaro Umar ɗan Abu Salama na yawo a akushi, umarni uku gajeru ya ba shi: ambaci sunan Allah, ci da dama, ci daga gabanka. Bulala kuwa ki ajiye ta, ko a makarantun gwamnati hukumar ilimi ta hana ta tun 2017. Sannan manyan gidan su riƙa ɗago kai daga waya suna amsa gaisuwarsa da sunansa, ke ma ki lura da yadda kike yi wa yarinyar da ta ɗauko miki kaya daga kasuwar Kejetia magana, don yana ji.

TAMBAYA: Malamin makarantar 'yata ya ce za a sa ta cikin 'yan saukar bana. Shekararta 13, tana JHS 2, wato aji biyu na ƙaramar sakandare. An ba mu jerin kuɗi: anko, rumfa, abinci, hoto. Uwarta na so a yanka sa kamar yadda makwabta suka yi. Ni direba ne, sai dai in ci bashi. Ga shi kuma a kunnena karatun nata bai nuna ba. Daga wani uba, Asawase.

AMSA: Malam, maganarka ta ƙarshe ita ce babba, da ita za mu fara. Sauka na nufin ɗalibi ya bi izu 60 a gaban malami yana iya karantawa da kansa. Ba hadda ba ce, amma kuma ba haddace shafin ranar walima ba ce. Gwada ta ba shi da wuya. Ka samu wani mai karatu wanda ba malaminta ba, ya buɗe mata wuri uku da ba ita ta zaɓa ba: ɗaya a izun Amma, ɗaya a tsakiya wajen Kahfi ko Maryam, ɗaya a sama wajen Nisa'i. Shafi guda-guda. A ba ta irin Alƙur'anin da ta yi karatu da shi, don yaron allo da ya saba da Warshu da rubutunsa yakan rikice in aka miƙa masa bugun Hafsu, haka ma ɗan Islamiyya in aka juya masa. A saurari ko tana tsayawa inda ake tsayawa, ko tana ba madda haƙƙinta, ko tana rarrabe sinun da sadi, da zalun da zayun, da ha mai ruwa da ha kuri, mafi muhimmanci kuma ko tana jin kuskurenta ta koma ta gyara ba a ce mata ba. Wanda bakinsa ya faɗa yakan gama shafi mai layi 15 cikin minti biyu zuwa uku. A ganinmu in tana haura minti shida, ko ana ɗaga ta fiye da sau biyar a shafi, ba ta kai ba tukuna.

In haka ta kasance ba laifinta ba ne. Yaranmu Litinin zuwa Juma'a suna boko, makarantar Alƙur'ani sai Asabar da Lahadi. Aji ya cika, ana biyawa baki ɗaya, yarinya mai kunne sai ta bi amo har ta kai Baƙara ba a taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Ga kuma gaggawa, don malamai sun san da zarar yaro ya shiga JHS 3 aka fara shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, iyaye janye shi suke yi, shi ya sa ake son a sauke shi kafin nan.

Ka je wurin malam da ƙafarka, kada ka aiki uwarta ko yarinyar, kada kuma ka yi maganar a gaban ɗalibai. Ka gode masa, ka roƙi a ƙara mata wata shida. Rabin izu kullum tsakanin Magariba da Isha, a gaban wanda zai ɗaga ta, wata huɗu ke nan ta sake zagaye Alƙur'ani, sauran wata biyun na wuraren da take tuntuɓe ne. Malamin kirki zai ji daɗin uban da ya zo da irin wannan magana.

Yanzu walimar. Abin da ya zama ginshiƙinta kaɗan ne: allo mai zayyana, malam ya biya mata Fatiha da ayoyin farko na Baƙara ta maimaita a gaban jama'a, a yi addu'a, a ba da sadaka, a yi wa malam alheri, ta zaga dangi da allonta su sa mata albarka. Sa ba ya cikin sharaɗi, rago ma ba dole ba ne. Ka jera kashe kuɗinka haka: malam tukuna, da ɗinki da abin da ya sawwaƙa na kuɗi, don shi ne ya yi shekaru a kanta, kuma abin takaici shi ake tunawa a ƙarshe bayan mai rumfa da mai hoto sun kwashe nasu. Sai yarinyar, a saya mata Alƙur'aninta na kanta da littattafan da za ta shiga, Ahalari da Ishmawi da Arba'una. Sai abinci. Anko da ado su zo ƙarshe, in da saura.

Buhun shinkafa mai kilo 25 yana ciyar da mutum 150 zuwa 180 in mai rabo ɗaya ce ke riƙe da ludayi. Inda lissafi ke ɓaci shi ne ƙulle-ƙullen da ake aikawa gidaje, don haka a rubuta gidajen tun kafin a ɗora tukunya, a ware nasu. Wake da shinkafa ko masa, da zoɓo ko lamurje, sun wadatar. Rumfa da kujeru da lasifika iyayen 'yan saukar su haɗa kuɗi su ɗauka tare. Lasifikar kuma ta karatu ce. Ba ma ganin dacewar a rufe Alƙur'ani da hantsi a buɗe kiɗa da la'asar a rumfa guda. Bashi dai kada ka ci, ka gaya wa uwarta da taushi cewa yarinya na da BECE a gaba, da kayan shiga sakandare.

Babbar ɓarnar da ake yi ita ce a mai da walima sallama da makaranta. Yaro ya sauke a 13, a 16 ba ya iya haɗa layi biyu. Kafin a tsayar da ranar walima a tsayar da ranar komawa, Asabar mai bi mata. A kuma ɗora mata nauyi tun daga daren: ita za ta riƙa biya wa ƙannenta karatu minti 15 bayan Magariba. Kuɗin da dangi suka ba ta a ƙirga a gabanta a rubuta, nata ne. In kuma wani ya ce tunda ta sauke sai miji, ka tuna masa dokar yara ta 1998 ta sa 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure a ƙasar nan, ta kuma hana tilasta wa yaro baiko kafin nan.

TAMBAYA: Ni ke riƙon 'yar yayata, shekararta 11, ƙirji ya fara fitowa. Mu ba wanda ya gaya mana komai sai da muka gani muka tsorata. Ina son in yi mata magana, kunya ta hana ni. Shin akwai wani abin da ake yi wa yarinya a wannan lokaci? Ina kuma da ɗa namiji mai 13. Daga wata 'yar'uwa, Sawaba.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da riƙon zumunci. Daga fitowar ƙirji zuwa jinin farko galibi kamar shekara biyu ne, wani lokaci bai kai ba, don haka yanzu ne lokacin, kafin ta gani a aji. In kunya ta yi miki yawa, al'adarmu ta riga ta buɗe ƙofa: goggo, ko yaya, ko malamarta mace. Amma ki zaɓi mutum ɗaya, ki tabbatar an yi, kada kowa ya ɗauka wani ya yi.

A raba zancen zama uku. Na farko na jiki ne: jini zai zo, ba ciwo ba ne, ba laifi ba ne, yakan yi kwana 2 zuwa 7, kuma shekara ɗaya ko biyu na farko yakan yi tsalle. A buɗe audugar mata a gabanta a nuna mata yadda ake manna ta, a sauya duk awa 4 zuwa 6, a naɗe a leda a jefa a shara, ba a masai mai ruwa ba. In ƙyalle za ta yi amfani da shi, a wanke da sabulu a shanya a rana. Wanda ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa da danshinsa shi ke kawo ƙaiƙayi. Ki haɗa mata 'yar jaka ta makaranta: auduga biyu, kamfai ɗaya, leda. A kai ta asibiti in jini ya wuce kwana 7, ko yana jiƙa auduga duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon mara na hana ta makaranta, ko ta kai 15 ba ta gani ba.

Zama na biyu na ibada ne. Ba ta salla ba ta azumi, za ta rama azumi ba za ta rama salla ba. Tsarki na da alama biyu, bushewa ko farin ruwa. A mazhabar Malikiyya mafi tsawon haila ga mai farawa kwana 15 ne, abin da ya wuce haka jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla. Wankan kuma kada a tsaya ga baki. A ɗauko bokiti da moɗa a nuna mata da kaya a jiki: niyya, wanke hannu, wanke gaba, alwala, tsettsefe gashi har ruwa ya kai tushe, ruwa uku a ka, ɓangaren dama, ɓangaren hagu, ana cuɗawa ba a yankewa, a bi cibiya da hammata da bayan gwiwa. Kitso ba sai an kwance ba, sai in ya matse ko an cika shi da zare har ruwa ba ya ratsawa.

Zama na uku shi ne wanda aka fi gudu. Kada a ce mata "in namiji ya taɓa ki za ki yi ciki". Da farko za ta ji tsoron har ƙanenta, ranar da ta gane ba gaskiya ba ne kuma sai ta daina yarda da sauran abin da kika faɗa. Ki gaya mata yadda ciki ke samuwa a taƙaice, da cewa ba wanda ke da izinin taɓa jikinta, ko ɗan'uwa ne ko malami, kuma in ta faɗa miki ba za ki doke ta ba. In wani abu ya faru, asibiti da sashen DOVVSU na 'yan sanda mai kula da ƙarar cin zarafi ake nufa, ba a kashe maganar a zaure.

Asante na da bikin balagar 'yan mata da suke kira bragoro, ƙabilar Krobo na da nata mai suna dipo, mu ba mu da taron jama'a a kan haila, kuma ba ma ba da shawarar a ƙirƙiro shi, don sirrinta ne. Amma kada ranar ta wuce kamar ba a yi komai ba. Sabon hijabi, dardumarta ta kanta, akwati mai makulli, abincin da take so, da addu'a daga bakinki. Sannan mu'amala ta sauya: a raba mata shimfiɗa da maza, ko da labule ne a ɗaki da falo, a daina aikenta da dare. Aya ta 58 da ta 59 a Suratun Nur sun sa yara neman izini a lokuta uku, kafin Asuba, da tsakar rana, da bayan Isha, wanda ya balaga kuwa a kowane lokaci. Ku ma ku riƙa yi mata sallama kafin ku ɗaga labulenta.

Namijin kuma aikin ubansa ne ko kawunsa, kuma shi aka fi mantawa. A gaya masa mafarki zai zo, da bambancin maniyyi mai wajabta wanka da maziyyi wanda wanke gaba da alwala suka isar masa, da aske gashin mara da hammata. Wanda bai ga wata alama ba, Malikiyya na ɗaukarsa baligi in ya cika 18. Ga abin da ke faruwa a gidajen haya: banɗaki ɗaya, ana layi da asuba, yaro na jin kunyar a gan shi da bokiti, sai ya yi alwala kawai ya tafi masallaci, wani ya shekara yana haka. Ku ba shi bokitinsa, ya fara wanke kayansa da kansa, kuma a gargaɗi kowa a gidan kada a tambaye shi dalilin wankan asuba, balle a yi masa dariya.

TAMBAYA: Jikana mai shekara 8 ya dage sai ya yi azumi duka bana. In bar shi? Daga wani kaka, Yalwa.

AMSA: Baba, a yaba masa amma a bi a hankali. Azumi a Kumasi yana kai awa 13 da wani abu. Ya fara da zuwa Azahar na kwana uku, sannan La'asar, sannan cikakke a ranar da ba boko. Sahur ya zama mai riƙe ciki, tuwo ko wake da ƙwai, da ruwa kofi biyu, ba shayi da burodi kaɗai ba. Jiri, ciwon kai mai tsanani, ko fitsari ya yi ja ya ragu, a ba shi ruwa nan take. Mai sikila ko ciwon suga ba ya farawa sai da izinin likita. Ranar da ya kai na farko cikakke, a zaunar da shi cikin manya wajen buɗa baki, ku miƙa masa dabino da hannunku. Kada dai a biya shi kuɗi kan kowane azumi, don yana sa yaro ya sha ruwa a ɓoye ya zo ya karɓa.

TAMBAYA: Ɗana ya shekara uku yana koyon gyaran mota a Suame Magazine. Maigidansa ya ce sai mun kawo kuɗi da kaya kafin ya 'yanta shi, kuma ba mu yi takarda ba da farko. Yaron na cewa tafiyarsa kawai zai yi. Daga wani uba, Tafo Zango.

AMSA: Alhaji, kada ka bar shi ya fita ta bayan gida. A Magazine, unguwar kanikawan Kumasi, kowa ya san kowa, kuma tambayar farko da za a yi masa ita ce wa ya 'yanta shi. Ka ɗauki dattijo ɗaya da maigidan ke jin nauyinsa, ku tafi da goro, ku fara da godiya, sannan ku roƙi ya faɗi abin da yake so ɗaya bayan ɗaya a rubuta. Abin da ya yi nauyi a nemi ragi ko a biya kashi biyu. Yaron ya yi shiru a zaman, ya ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci har ranar.

Ka san kuma doka na bayanka. Dokar yara ta 1998 ta ce ba a ɗaukar ɗan koyo sai ya kai 15 ko ya gama karatun tushe, ta ce a yi yarjejeniya tsakanin iyaye da maigida, ta kuma wajabta wa maigida ba da takardar sallama in wa'adi ya cika. In an kasa daidaitawa, jami'in ƙwadago na gunduma ake kai wa. Masu shirin kai yaro yanzu su rubuta tun ranar farko: shekara nawa, kuɗin shiga, kuɗin abinci, lokacin salla da Juma'a, da abin da za a kawo ranar 'yanci, kowa ya sa hannu da shaidu biyu.

Ranar kanta ba ta buƙatar fiye da liman ya yi addu'a, maigida ya sa albarka a gaban abokan aiki, a ci abinci, abokansa su zuba masa hoda in suna so. Kuɗin da dangi za su kashe a anko su haɗa su saya masa akwatin sifana da jak, a kuma biya masa jarrabawar sana'a ta gwamnati, don takardar maigida ba ta isa wajen neman aikin kamfani. Ka gaya masa kada ya janye masu kawo wa maigidansa mota, kada ya kafa rumfa a jikin tasa, kuma aikin farko da ya fi ƙarfinsa ya koma ya tambaye shi.